Tsoron Shiga Jama'a

Tsoron shiga jama'a larura ce ta ƙwaƙwalwa wadda ke sa mutum ya riƙa jin kamar kowa na kallonsa yana auna kuskurensa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun ware ta a matsayin ciwo mai zaman kansa a 1980. Yawanci tana farawa tun lokacin balaga.

A ƙasar Kurfai ta Nijar, daga Filinge zuwa Abala, kunya ado ce: amarya ta rufe fuska, yaro ya sunkuyar da kai gaban surukinsa. Larurar ta sha bamban da wannan, domin tana hana rayuwa. Saurayi ya kai akuyarsa kasuwa, dillali ya ce "nawa?", zuciyarsa ta hau dukan uku-uku, zufa ta keto, murya ta sarƙe, ya koma gida bai sayar ba. Idan abin ya kai wata shida a haka, likita kan kira shi ciwo. A gida kuwa sau da yawa ana cewa girman kai ne, ko iskoki.

Maganin da ya fi tasiri shi ne zaman tattaunawa na gyaran tunani da hali, wanda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Mai larurar yakan fara da ƙaramin abu, kamar gaida maƙwabci, daga baya ya yi magana a majalisa. Wani lokaci akan haɗa da ƙwayoyi.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa sun fi yawa a Yamai, nesa da Kurfai; saboda irin wannan ƙaranci ne shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, na 2008, ke koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.