Zubewar gashi ta garkuwar jiki: me gwajin jini ke nunawa?

Cutar da likitoci ke kira alopecia areata, Faransawa kuma pelade, tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta far wa tushen gashi. Gashin yakan zube ya bar fili sumul, kewayayye kamar kwabo, babu ɓawo. Ba makero ba ce, kuma ba a ɗaukarta wurin aski.

Cikin gwaje-gwajen kumburi da aka fi yi akwai CRP, furotin da hanta ke ƙara fitarwa lokacin kumburi, da ESR, mai auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini cikin awa ɗaya. Sai dai ba su tabbatar da wannan cuta. Masu ita da yawa sakamakonsu lafiya lau yake fitowa, zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda ya yawaita a Tamale da damina, yana ɗaga CRP.

Saboda haka mutumin Kasalgu da ya je Asibitin Koyarwa na Tamale, duban fatar kansa ne zai fi faɗa wa likita gaskiya. Akan kuma duba aikin tayirod, domin cututtukanta sukan zo tare da wannan. A 2022 Amurka ta amince da baricitinib ga manya masu cutar mai tsanani.