Tarihin Ƙidayar Kalori: Daga Injin Tururi Zuwa Kwanon 'Yan Fim

Duk wanda ya juya bayan ledar biskit ko kwalbar lemo zai ga an rubuta yawan kalorin da ke ciki. Haka kuma da wuya a yi hira da wata tauraruwar fim ta ƙasashen waje kan yadda ta rage ƙiba ba ta ambaci adadin da take ci a rana ba. Amma mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa tun asali ba don masu teɓa aka ƙirƙiro wannan ma'auni ba.

Wani masanin Faransa mai suna Nicolas Clément ne ya fara bayanin kalori wajejen 1824, a darussan da yake bayarwa kan injunan tururi. Ma'anarsa ita ce yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya. Wato lissafin gawayi da inji ne, ba ruwansa da tuwo.

Wanda ya kai shi madafa shi ne Wilbur Atwater, malami a Jami'ar Wesleyan ta Amurka, wanda ya yi karatu a Jamus. A 1887 ya soma rubuta wa Amurkawa bayanin kalori a mujallar Century. Daga baya, shi da abokin aikinsa Edward Rosa suka ƙera wani ɗan ɗaki da ake rufe mutum a ciki na kwanaki, ana auna abin da ya ci, da numfashinsa, da zafin da jikinsa ke fitarwa. A nan aka daidaita lissafin da ake amfani da shi har yau: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, na furotin 4, na mai kuwa 9. Damuwar Atwater ita ce lebura mai ƙaramin albashi, yadda zai sayi abincin da zai ba shi ƙarfi da 'yan kuɗinsa. A taƙaice dai, don a ƙoshi aka soma ƙidayar.

Mace ce ta juya akalar. Dakta Lulu Hunt Peters, likita a birnin Los Angeles, ta taɓa kai kusan kilo 100, sannan ta zubar da sama da kilo 30. A 1918 ta fitar da littafinta Diet and Health, inda ta shawarci mata su tsaya kan kalori 1,200 a rana. Ta koya musu su riƙa kallon abinci kashi-kashi na kalori 100. Lokacin kuwa ana Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnati na roƙon jama'a su tsimi abinci saboda sojoji, sai rage ci ya zama tamkar kishin ƙasa. Littafin ya yi kasuwa sosai, an sayar da kwafe kusan miliyan 2. Wannan 1,200 ɗin da ake ta yaɗawa har gobe, tun daga wancan zamani ya samu gindin zama.

Daga nan sai sinima ta karɓa. A shekarun 1920 siririyar mace ta zama abin yayi a majigi, kuma a 1929 aka yi ta rububin wani tsari na kwana 18 da aka laƙaba wa sunan Hollywood, wanda bai kai kalori 600 a rana ba, akasari ɗan lemo da ƙwai da ganye. 'Yan wasa sun ɗanɗana kuɗarsu. Judy Garland, wadda ta fito a fim ɗin The Wizard of Oz na 1939 tana 'yar shekara goma sha, ta sha faɗa daga baya cewa an takura mata a ci, an kuma ɗora ta kan ƙwayoyi. Ta yi fama da su har ta rasu a 1969 tana da shekara 47.

To me yunwa ke yi wa jiki? Amsar ta fito daga Jami'ar Minnesota. A tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys ya tara samari 36 da suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙidarsu, ya rage musu abinci zuwa kusan kalori 1,600 a rana har mako 24, ga kuma doguwar tafiya a ƙasa kowane mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma sun zama masu fushi da baƙin ciki, sanyi ya dame su, ba su da hira sai ta abinci. Babban abin lura shi ne jikinsu ya rage ƙona kalori matuƙa, kamar mai gida da ya ga rumbu ya yi ƙasa ya rage awo. Da aka sake su kuwa, da yawansu ci suka riƙa yi ba ƙaƙƙautawa.

Duk da haka, a 1958 wani likita, Max Wishnofsky, ya kawo ƙa'ida mai sauƙin haddacewa: kalori 3,500 daidai yake da laba ɗaya ta kitse, wato kusan rabin kilo. Ke nan wanda ya rage 500 kullum zai zubar da laba ɗaya duk mako. An yi shekara hamsin ana maimaita wannan, sai a 2011 Kevin Hall da abokan bincikensa suka nuna a mujallar likitoci ta Lancet cewa lissafin ya yi zuƙu, domin gwargwadon raguwar nauyi, gwargwadon raguwar abin da jiki ke ƙonawa. Shi ya sa mutum kan ga ci gaba a watannin farko, daga nan sikeli ya cije. Ba lallai ragwancinsa ba ne.

Shi ma adadin 2,000 da ake gani a jikin leda, hukumomin Amurka ne suka zaɓe shi bayan dokar 1990 don sauƙin kwatance, ba umarni ba ne ga kowa. Buƙatar mutum ta danganta ga shekarunsa, tsawonsa, nauyinsa da irin aikinsa. A yau likitoci sun fi ba da shawarar a rage kamar 500 zuwa 600 daga abin da jiki ke buƙata, a sake lissafi yayin da nauyi ke sauka, kuma kada a yi ƙasa da 800 sai da kulawar likita. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon sukari kuwa, su fara da asibiti tukuna.