Dao, tazargade da ɗorin Aliero: yadda tsohon ilimin magani na Sin ya shafi Jihar Kebbi

Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a Jega, Aliero ko Maiyama cikin shekaru 20 da suka wuce, da wuya a ce bai haɗiyi ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ake sha safe da yamma har kwana uku ba. Tushen maganin shi ne atemisinin, sinadarin da aka gano a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970. Abin da ya buɗe wa masu binciken hanya kuwa wani littafi ne da wani malamin addinin Dao ya rubuta fiye da shekara 1,600 da suka shige.

A 2021, lamarin ya fi shafar Kebbi fiye da kowace jiha. A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021, an sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada, alhali a faɗin Najeriya adadin kashi 22 ne. Fadamun Gulbin Zamfara da ke ciyar da Jega da shinkafa su ne kuma ke renon sauro. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024.

Mene ne Dao?

Kalmar tana nufin hanya ko tafarki. A fahimtar mabiyanta, Dao shi ne tsarin da komai ke gudana a kansa, tun daga juyawar damina da rani har zuwa bugun jini a jijiya. Littafin da aka fi jingina koyarwar da shi, Daodejing, yana da gajerun babi 81, ana kuma danganta shi ga wani dattijo da ake kira Laozi. Kwafinsa mafi tsufa da aka tono, a garin Guodian a 1993, ya koma wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babban darasinsa shi ne wu wei, wato barin tilasta wa abu bin inda ɗabi'arsa ba ta nufa ba. Da masu mulki littafin ya fi magana: yana ganin yawan doka da yawan haraji ne ke haifar da ɓarayi da 'yan tawaye.

Sai a shekara ta 142 miladiyya koyarwar ta zama addini mai limamai da jama'a, lokacin da Zhang Daoling ya kafa ɗariƙarsa a yankin Sichuan. Kowane gida yana ba da awo biyar na shinkafa, abin da ya sa aka yi wa ƙungiyar laƙabi da shi. Warkarwa ce ginshiƙinta. Suna ɗaukar ciwo a matsayin sakamakon laifi, don haka majinyaci yakan kaɗaita a ɗaki ya ambaci zunubansa, liman ya rubuta laya a ƙona a zuba tokar a ruwa ya sha. Bahaushe zai tuna da rubutun sha, sai dai kamannin na zahiri ne kawai, domin Dao addini ne mai alloli da yawa, aƙidarsa ba ta haɗa hanya da tauhidi ba.

Waɗannan masu warkarwa ba su tsaya ga majinyata ba. A 184 wani mai magani, Zhang Jue, ya tayar da talakawa masu ɗaura rawayen rawani a kan daular Han. An murƙushe su, amma daular ba ta sake miƙewa ba. Tun daga nan gwamnatocin Sin ke sa wa ƙungiyoyin warkarwa ido. A yau Dao yana cikin addinai biyar da hukuma ta amince da su, tare da Musulunci, Buda, Katolika da Furotesta, kuma ƙungiyarsa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1957, tana ƙarƙashin kulawar jam'iyya mai mulki.

Masu neman tsawon rai

Likitancin gargajiyar Sin da addinin Dao ba abu ɗaya ba ne, amma a rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa. Dukkansu suna magana a kan qi, wanda ake furtawa kamar “ci”, wato ƙarfin rai da suka ce yana zagaya jiki, da kuma yin da yang, sanyi da zafi, waɗanda rinjayen ɗaya a kan ɗaya ke kawo cuta. Wanda ya taɓa jin tsohuwa na cewa sanyi ne ya shige shi ya san irin wannan lissafi. Ilimin tiyata na zamani bai ga hanyoyin qi a jikin mutum ba. Duk da haka, da wannan tunani aka gina soka siraran allurai, motsa jiki na taiji, horar da numfashi, da ƙaho, wanda tsofaffin littattafansu ke kira hanyar ƙaho saboda da ƙahon dabba ake yi, kamar dai wanzaman ƙasar Hausa.

Burin malaman Dao shi ne tsawon rai, wasu ma rashin mutuwa. Wannan buri ya kai su ga narka zaiba da dalma suna haɗa ƙwayoyin dawwama. Sarakunan daular Tang da dama, cikinsu har da Wuzong a 846 da Xuanzong a 859, masana tarihi na danganta mutuwarsu da waɗannan ƙwayoyi. Mutanen maƙwabciyarmu Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da sarakunan suke haɗiya. A cikin tukwanen masu wannan narke-narke ne kuma aka yi tuntuɓe da albarushi a ƙarni na 9.

Ge Hong, wanda ya rayu daga 283 zuwa 343, yana cikin manyan masu neman maganin dawwamar. Amma ya rubuta wani ƙaramin littafi na daban, na magungunan gaggawa, wanda sunansa ke nuna cewa a hannun riga ake sa shi a yi yawo da shi. Da gangan ya zaɓi magunguna masu araha da talaka zai samu a bayan gida. A babin zazzaɓi mai tafiya yana dawowa ya ambaci wani ganye, qinghao, ya yi umarnin a jiƙa shi a ruwa a matse a sha. Bai ce a tafasa ba.

Daga littafi zuwa kemis

Yaƙi ne ya farfaɗo da wannan layi. A yaƙin Biyetnam zazzaɓi yana kwantar da sojoji, kulorokwin kuma ya daina ci. Ranar 23 ga Mayun 1967 gwamnatin Mao ta kafa shirin bincike na sirri, a daidai lokacin da juyin al'adu ke rufe wuraren ibadar Dao yana korar limamansu. A 1969 aka ɗora wa Tu Youyou jagorancin wata tawaga. Sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka gwada ɗaruruwa a kan ɓeraye, kusan duka suka faɗi. Shi ma qinghao yau ya ci, gobe ya ƙi. Da ta koma ga Ge Hong sai ta lura da batun jiƙo, ta zargi cewa zafin dafuwa ne ke lalata maganin. Ta sauya zuwa tatsa a ƙaramin zafi, kuma a watan Oktobar 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Ita da abokan aikinta suka fara sha kafin a ba majinyata. A 2015 ta sami kyautar Nobel.

Najeriya ta yi watsi da kulorokwin ta koma ga haɗin atemisinin, wanda ake kira ACT, a 2005. Dangin wannan tsiro Hausawa na kiran su tazargade, kuma sunan ya cika gari a 2020 lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito da wani tsimi da ya ce yana maganin korona. An kawo wa Najeriya, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta gwada, ta ce akasarinsa wannan ganye ne kuma ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba.

Ko a kan zazzaɓin kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin ƙwaya ba. Yawan sinadarin ya bambanta daga iri zuwa iri da gona zuwa gona, kuma idan aka sha wanda bai isa ba, ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne za su hayayyafa masu taurin kai. An riga an ga alamun wannan bijirewa a Ruwanda, Yuganda da Eritiriya. Idan ta iso Afirka ta Yamma, jihar da aka sami cutar a jinin kusan rabin yaranta da aka gwada a 2021 ce za ta fara ji a jika.

Akwai kuma kayan da ke shigowa kasuwanni da sunan maganin Sinawa: shayi, man zafi, ƙwayoyin ƙarin ƙarfi. Mai saye ya san cewa lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa kayan ba shi da guba ne kawai, ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalinsa ba. Cinikin yana da wani gefe da ya fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya. Ejiao, wani maganin ƙarin jini da ake dafawa daga fatar jaki, ya tayar da farashin jakai a duk Sahel, jami'an kwastan a Kebbi kuma sun sha kama buhunan fata da naman jaki. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakai domin fatarsu.

Maɗoran Aliero

Garin Aliero ya yi suna da abu biyu: albasa da ɗori. Daga sassan Najeriya, Nijar da Benin ake kawo masu karaya, targaɗe da gocewar ƙashi, da yawansu waɗanda hatsarin mota ko kabu-kabu ya rutsa da su a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Yawuri. Sana'ar gado ce, tana da sarautarta ta Sarkin Ɗori. Maɗori yana laluba wurin da hannu, a ja gaɓar a daidaita ƙashin, a jera karare a ɗaure, a haɗa da addu'a da tofi. Majinyaci yakan yi makonni a garin. Kuɗin bai kai na asibiti ba, ana iya biya a hankali, kuma babu fargabar wuƙar tiyata.

Wanda ya san wannan aiki zai gane littafin ɗori mafi tsufa da ya saura a Sin, na wani limamin Dao da ake kira Lin Daoren, wanda aka rubuta a shekarun 840. Matakansa su ne wanke rauni, ja, daidaitawa, ɗaurewa da ɓawon itace, da motsa gaɓa don kada ta sandare. Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya. Daga ƙarshen shekarun 1950 likitocin ƙashi a birnin Tianjin, musamman Fang Xianzhi da Shang Tianyu, suka zauna da maɗoran gargajiya, suka riƙa ɗaukar hoton ƙashi kafin ɗori da bayansa, suka tantance irin karayar da ƙananan katakai ke yi wa amfani da wadda sai tiyata. Hanyar ta shiga asibitoci. Kundin tsarin mulkin Sin na 1982 ya ambaci likitancin gargajiya, dokarsa ta musamman kuma ta fara aiki a Yulin 2017. Akwai siyasa da kasuwanci a cikin wannan tallafi, kuma masana da dama, har a cikin Sin, na sukar yadda ake sassauta wa wasu haɗe-haɗe gwaji.

A Najeriya an fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta buɗe masa sashe a 2018. Amma maɗori da likitan ƙashi har yanzu kowa tasa ta fisshe shi, majinyaci ne ke tsakiya. Likitoci a asibitocin koyarwa da na ƙashi, irin na Dala a Kano, sun daɗe suna bayar da rahoton gaɓoɓin da aka yanke a sassan ƙasar nan saboda ɗaurin da ya matse jijiya har nama ya ruɓe, sau da yawa a hannun yara. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kumburi, yatsu su yi sanyi ko su yi baƙi ko a daina jin su. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu da ta gadon baya, aikin asibiti ne. Su kuma maɗora suna da nasu labarin na mutanen da suka zo da ƙafar da aka ce sai yankewa suka koma gida da ita. Muddin ba a ajiye rajistar majinyata ba, kowane ɓangare labarinsa kawai zai ci gaba da bayarwa.

Rubuta ilimin magani ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Garuruwan uku suna cikin masarautar Gwandu, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar littafin Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan basir da ciwon ido. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a Aliero a 2006, yanzu sunan Abdullahin take ɗauke da shi, ga kuma kwalejin kimiyyar lafiya a Jega. Aikin da za su iya farawa da shi ba mai tsada ba ne: littafin rajista a kowane gidan ɗori, hoton ƙashi kafin a ɗaure, da yarjejeniyar tura majinyaci asibiti ba tare da an ci mutuncin maɗori ba. An gwada makamancin haka a kudancin Habasha, inda wani likita a asibitin Arba Minch ya koya wa maɗora illar matse ɗauri a horon yini guda. Rahoton da ya wallafa a 2005 ya nuna cewa yawan gaɓoɓin da ake yankewa saboda ɗori ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya.