2,294,800: Lambar da ke wakiltar al'ummar Taraba

Miliyan biyu da dubu ɗari biyu da casa'in da huɗu da ɗari takwas shi ne adadin mutanen Jihar Taraba, mai hedikwata a Jalingo, bisa sakamakon ƙarshe na ƙidayar 2006 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, don haka kan wannan adadi ake gina hasashen yawan jama'ar jihar, wanda ke cikin ma'aunan rabon arzikin ƙasa.

A ilimin lissafi, lambar cika ce, ba mara ba, domin tana rabuwa biyu babu saura. Idan aka warware ta zuwa tushenta, za a sami 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5,737. Ita 5,737 ba ta rabuwa da kowace lamba sai ɗaya da ita kanta.

Lambobi 30 ne ke raba 2,294,800 daidai. In aka tara su ban da ita kanta, jimillarsu 3,219,418 ce. Tun da jimillar ta zarce ta, masana na sanya ta a rukunin lambobi masu yalwa.

Da za a kasa adadin daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomin jihar 16, kowacce za ta sami 143,425. Amma in aka raba shi ga mazaɓun sanatoci uku, mutum ɗaya zai yi saura.