Shekara Guda a Kulob na Masu Ilimi a Omdurman

Omdurman birni ne a ƙasar Sudan, yana bakin Kogin Nilu daura da Khartum. A shekara ta 1898 sojojin Ingila da na Masar suka ci shi da yaƙi, daga 1899 kuma ƙasashen nan biyu suka yi tarayya a kan mulkin Sudan, ko da yake ainihin iko yana hannun Turawan Ingila. A 1902 aka buɗe Kwalejin Gordon a Khartum domin a sami akawuna da malaman makaranta da ƙananan ma'aikata. Da samarin da suka gama makaranta suka yi yawa, sai suka nemi wurin haɗuwa bayan an tashi aiki. Gwamnati ta yarda, a 1918 aka buɗe musu kulob a Omdurman. Da Larabci ana ce da shi Nadi al-Khirrijin, wato wurin taron waɗanda suka sauke karatu.

Ba a kafa shi domin siyasa ba. Yawancin 'yan kulob ma'aikatan gwamnati ne, doka kuwa ta hana su shiga siyasa. Abin da aka bar musu shi ne hira, da shan shayi, da lacca, da wasanni, da bukukuwa. Amma wanda ya bi shekararsu daga farko zuwa ƙarshe, musamman tsakanin 1938 da 1942, zai ga yadda ƙananan tarurruka suka zama makarantar da ta koya wa mutane riƙon ƙasa.

Shekarar takan soma da Babbar Salla. Lokacin hutu ne, ma'aikatan da aka tura garuruwa masu nisa sukan komo gida, saboda haka taro yakan cika. Ran 12 ga Fabrairu 1938, kashegarin salla, mutum fiye da 1,000 suka hallara a kulob ɗin, suka kafa Babban Taron Masu Ilimi. Abin da ya tunzura su shi ne yarjejeniyar da Ingila da Masar suka ƙulla a 1936, inda suka yi magana a kan Sudan ba tare da sun tambayi mutanenta ba. Taron ya zaɓi majalisa ta mutum 60, ita kuma ta fid da mutum 15 masu gudanar da aiki. Isma'il al-Azhari, malamin lissafi, shi ya zama magatakarda. Daga nan kowace Babbar Salla sai a sake zaɓe. A nan ne samari suka koyi neman ƙuri'a, da ƙirga ta, da haƙuri in an faɗi.

Bayan 'yan makonni sai sabuwar shekarar Hijira ta kama. Tun shekarun 1920 kulob ɗin yakan yi mata biki, mawaƙa su tashi su karanta waƙoƙinsu. A baki suna yabon mutanen dā ne, amma masu sauraro sun san halin da ake ciki ake nufi. Abin da ba shi faɗuwa a ofis, sai a faɗe shi cikin waƙa.

Sauran watanni kuma akwai wasan kwaikwayo. A farkon shekarun 1930 aka nuna wasan Tajuj na Khalid Abu al-Rus, wanda aka tsara da Larabcin da mutanen Sudan suke yi a gida. Maza ne suke fitowa a matsayin mata, gama al'ada ba ta yarda mace ta hau dandali ba. Kuɗin shiga ƙofa sau da yawa yakan tafi ga makarantu da aikin taimako. A farkon shekarun 1940 Babban Taron ya keɓe Ranar Ilimi, ana bi ana karɓar gudummawa, da ita aka taimaki makarantun jama'a waɗanda ba na gwamnati ba. Mai riƙon kuɗin wasa ya koyi rubuta shiga da fita, ya kuma koyi ba da lissafi a gaban mutane.

Ko shan shayi ma ba a banza yake ba. A watan Fabrairu 1940 Ali Mahir, Firayim Ministan Masar, ya kawo ziyara Sudan. Masu ilimi suka shirya masa liyafar shayi, suka kuma miƙa masa takarda suna roƙon Masar ta taimaka wa ayyukan jama'a. Turawa suka ji haushi ƙwarai, domin an tsallake su an yi magana da abokin tarayyarsu kai tsaye.

Wajen Ƙaramar Salla kuwa sai bikin adabi. An fara shi a 1939 a Wad Madani, babban garin Jazira, ƙasar auduga inda Hausawa da yawa suka zauna suna aikin gona. Daga can bikin ya riƙa zagawa zuwa wasu birane, har da Omdurman. Mutane sukan zo daga nesa su karanta abin da suka rubuta a kan tarihi da ilimi da zaman jama'a. Ta haka masu ilimin garuruwa dabam dabam suka san juna ido da ido.

Sannu ba ta hana zuwa. A watan Afrilu 1942 Babban Taron ya aika wa gwamnati takarda mai buƙatu 12. Ta farko ita ce a ba mutanen Sudan ikon zaɓar wa kansu makoma da zarar yaƙin duniya ya ƙare. Sakataren gwamnati, Douglas Newbold, ya mayar musu da takardarsu, ya ce ba su da ikon magana da sunan ƙasa. Amsar nan ta raba kansu, waɗansu suna son bin Turawa a hankali, waɗansu suna son haɗa kai da Masar. Daga wannan rabuwa jam'iyyun siyasa suka fito. Ran 1 ga Janairu 1956 Sudan ta sami mulkin kai, al-Azhari kuwa shi ne Firayim Minista.

Amma akwai waɗanda shekarar takan zagayo ba a ga fuskarsu a wurin ba. Mata ba sa cikin masu shawara. Manoma da 'yan ƙwadago ba su da takardar makarantar da za ta shigar da su. Mafi nauyi duka, mutanen kudu suna nesa. Laifin ba na 'yan kulob kaɗai ba ne. Tun 1922 Turawa suka yi dokar rufe waɗansu larduna, a 1930 kuma suka ƙarfafa manufar raba kudu da arewa. Ilimin kudu da na Duwatsun Nuba an bar yawancinsa a hannun mishan, irin su C.M.S., da limaman Katolika na Verona, da S.U.M. wadda ta yi aiki a Heiban. Takardar 1942 ta nemi a soke dokar rufe larduna, wannan kuwa daidai ne. Amma ta kuma nemi a daina ba makarantun mishan kuɗin taimako, a mai da tsarin karatu iri ɗaya, alhali ba a zauna da waɗanda suka yi karatu a makarantun nan an ji ta bakinsu ba. Aka yi musu irin abin da Ingila da Masar suka yi a 1936, wato aski a bayan mai kai.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A 1954, da aka raba wa 'yan ƙasa muƙamai wajen 800 da baƙi za su bari, 'yan kudu ba su sami ko 10 ba. A watan Agusta 1955 sojojin kudu suka yi tawaye a Torit. Yaƙe-yaƙe biyu masu tsawo suka biyo baya, har a 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai zaman kanta.

Kulob na Omdurman ya nuna cewa biki da liyafa da wasa ba ɓata lokaci ba ne, gama a cikinsu mutane suke koyon amincewa da juna da ɗaukar nawayar jama'a. Ya kuma nuna cewa wanda ba a saba zama da shi a kan tabarma ɗaya ba, da wuya a tuna da shi ranar rabo. Duk ƙungiyar da take shirya tarurrukanta na shekara, ya kamata bayan ta ƙirga waɗanda suka zo, ta tambayi kanta ko su wane ne ba a aika musu da goron gayyata ba.