Kodin

kodin (suna, namiji): maganin tari da raɗaɗi, daga dangin ofiyom.

Hanta ke juya wani kasonsa ya zama mofin, shi kuma ya kama wasu gurabe a ƙwaƙwalwa, ya dusashe zafi, ya sa sinadarin dofamin kwarara. Yau da gobe ƙwaƙwalwa ta saba, kwalba ɗaya ta daina isa. Ranar da babu kuwa, sai gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. In kodin ya yi yawa a jiki, numfashi ke tsayawa. Maganin naloksan ke dawo da shi.

Najeriya ta haramta sarrafa ruwan maganin tari mai kodin a 2018, bayan binciken BBC.

Mari da bulala ba sa warkar da mashayi. Likitoci kan ba shi metadon ko bufrenofin, haɗe da shawarwarin ƙwararru.