Zalika Souley: Matar da Aka Jefa da Laifin Majigi

A gidanmu da ke Kakau, gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja, na taso ina jin ana ƙirga tarihin fim ɗinmu daga Turmin Danya na 1990. Sai da na zo rubuta kundin kammala digiri na gane cewa tun shekara 24 kafin nan wata budurwa a Yamai ta riga ta tsaya gaban kyamara.

An haifi Zalika Souley a 1947. A 1966, ba ta cika shekara ashirin ba, Moustapha Alassane ya sa ta cikin Le Retour d'un aventurier, labarin samarin ƙauye da suka samu kayan kaboyi daga Amurka suka addabi mutanensu. Ta hau doki, ta sa wando da malafa, a zamanin da ko fitar 'ya mace kasuwa abin magana ne.

Daga nan ta yi aiki da Oumarou Ganda. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, wanda ya fallasa auren dole da kishi a gidan wani Alhaji, shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Ta kuma fito a Saitane da L'Exilé. Sau da yawa ita ake ba matsayin muguwar kishiya ko mace mara kamun kai. Masu kallo ba su raba wasa da gaskiya ba, sai suka ɗora mata zunubin matan da ta kwaikwaya, zagi ya bi ta har titi.

Ganda ya rasu a 1981, harkar fim a Nijar ta yi ta durƙushewa. Lokacin da Rahmatou Keïta ta ɗauki tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi, ta iske ta da 'ya'yanta a gidan da ba ruwa ba lantarki. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a Yulin 2021.

Abin da ya hana ni barci ba talaucinta ba ne kawai. Ranar da na ba wa mahaifiyata wannan labari, sai ta ce, "Ai 'yar fim ce, me kike so a yi mata?" Alhali kowane dare ita ke kiran mu mu zo kallo. Na yi shiru, domin ni ma ban taɓa tambayar inda matan da suka ba mu dariya muna yara suke kwana ba. Zalika ta riga mu gidan gaskiya, amma takwarorinta a Kano da Kaduna suna nan da rai. Wajibinmu ne mu je mu rubuta sunayensu da ayyukansu tun suna iya ba da labarin da bakinsu.